Ajin Ranar Kasuwa

Na daɗe ina koyarwa, na ga malamai iri-iri, masu baki da masu bulala. Amma wanda ya sa na tsaya baki buɗe kamar baƙauye ya shigo Kano, Malam Halliru ne.

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, ni ne hedimasta a wani ƙauye gabas da Babura. An gina mana azuzuwa da kwano sabo fil, amma 'ya'yan Fulanin da ke rugagen kewayenmu ko ɗaya bai leƙo ba. Na yi ta sintiri wurin shugabansu, Ardo Kawu, har takalmina ya cinye. Daga ƙarshe ya ce ya ji, sai dai yara suna kiwo, ba zai ba ni su kullum ba. Ranar kasuwa kawai, daga lokacin da mata suka sauke ƙwaryar nono har su sayar su tashi. Wato karatun mako guda a zama ɗaya, daga hantsi har bayan azahar.

Muka yi abin da aka koya mana a kwaleji. Muka yanka lokacin gunduwa-gunduwa: lissafi, a buga ƙarfe, karatu, a buga ƙarfe, rubutu. To fa! Yaran da ba su taɓa zama a ɗaki ba, da sun ji ƙarfe sai su ɗauka an tashi. Kafin ka ce mene ne wannan, rabi sun ɓace a cikin kasuwa. Sauran kuwa, in rana ta take, gyangyaɗi suke yi a kan benci. Raina ya ɓaci ƙwarai, har muryata ta dushe don tsawa.

Ardo ya aiko mini da magana a gajarce. Ya ce in barci ne, suna iya yinsa a gindin bishiya suna kallon shanu. Kasuwa ɗaya ta rage. Zai zo da kansa ya gani, in bai ga komai ba, shi ke nan, babu yaron da zai sake zuwa.

A makon ne aka turo mana Halliru daga Kazaure, siriri, mai sanyin murya, sabon fitowa daga kwaleji. Da na ba shi labari, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni ajin."

Na ce, "Kai da ko allinka bai gutsure ba?"

"A dai ba ni. Amma ina roƙon kada a buga ƙarfe ranar, kuma abu ɗaya zan koyar."

"Abu ɗaya? Tun hantsi har azahar? Haba, Malam! Ina lissafi, ina kiwon lafiya?"

Ya ce dogon zama ba ƙananan darussa ba ne da aka ɗinke wuri ɗaya. Abu guda ake ɗauka a yi ta juya shi, a tsaye, a tafe, a zaune, har ya shiga. Na ce masa ya je ya yi, in an kwashe yaran shi zai yi wa ofishin ilimi bayani, ba ni ba.

Ranar kasuwa na ajiye kujerata a bakin taga, ina jiran in ga ƙarshen cika baki.

Da hantsi, tun rana ba ta yi zafi ba, ya fara da abu mafi wuya. Kalma uku ya rubuta a allo: ruwa, rana, nono. Ya farfasa su, ya haɗa, yaran suna bin sa da baki. Ni da ke kallo ban ga alamar gajiya ba tukuna, amma shi ya gani. Wata yarinya, Ma'u, 'yar Ardo ta cikinsa, ta fara kaɗa ƙafa. Nan take ya ce kowa ya miƙe ya biyo shi. Suka fita, ya raba musu tsinke, ya sa kowa ya ja harafi a ƙasa, babba, wanda sai ka taka kafin ka kai ƙarshensa. Suna tafe a kan layin suna faɗin sunansa, suna dariya.

Da rana ta fara zafi, bai ce an huta ba. Sai ya ja su zuwa rijiya, ya ce wanda ya rubuta ruwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa shi zai fara sha. Wallahi da idona na ga yaran da suka saba tserewa suna rige-rigen durƙusawa. Kasuwa tana ci a gefenmu, ana kiran ƙosai da rake, ko waiwaye babu wanda ya yi. Na ce a raina, wannan yaro ina ya samo wannan?

Daga nan ya kai su gindin tsamiya, ya zaunar da su uku-uku, mai ganewa a tsakiya. Ya ce kowa ya rubuta abin da ya riƙe, ya nuna wa ɗan'uwansa. Shi kuma ya koma gefe, ya zauna a kan saiwa, ya yi shiru.

Shiru fa! Malami ya naɗe hannu, lokaci yana tafiya. Kuma daidai lokacin Ardo Kawu ya ɓullo daga bayan aji, da malafarsa, da sandarsa a kafaɗa.

Duk aikin safe ya wuce bai gani ba, abin da zai gani shi ne malami a zaune ba ya komai. Na taso da sauri, na ce, "Ranka ya daɗe, barka da zuwa." Na ɗaga hannu zan tafa don yaran su miƙe su gaishe shi, shi kuma Halliru ya tashi ya yi wani abu ko don ganin ido.

Ardo ya kama wuyan hannuna. Tsoho ne, amma riƙonsa kamar an ɗaure ni da igiya.

Ya ce a hankali, "Malam, ka taɓa ganin an tashi shanu suna tuƙa? Bar su."

Muka tsaya. Ba ka jin komai sai ƙarar tsinke a ƙasa da 'yan maganganu ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Fulatanci. Ma'u tana kusa da ƙafar ubanta, amma ba ta ma san ya zo ba. Ta kama yatsan wani ƙaramin yaro tana jan sa a kan ƙasa, ya ɓata, ta share da tafin hannu, suka sake. Mutumin da ko dagaci ba ya barin sa a tsaye, ga shi a rana yana jiran yara su gama. Na dube shi, idonsa bai bar hannun 'yarsa ba.

Sai da matan suka zo da ƙoren nono wayam, Halliru ya tashi. Ya tara yaran, kowa ya karanta abin da ya rubuta, ya sallame su. Ardo ya sa su a gaba suka tafi, ban san abin da ya yanke ba. Mako guda na yi abinci ba ya mini daɗi.

Kasuwa ta zagayo. Tun hantsi na tsaya a bakin hanya. Can sai ga su, kuma sun fi na da yawa, har da wasu manyan yara da ban taɓa gani ba. Na tare Ma'u na ce, "Ke, su wane ne waɗannan?"

Ta durƙusa ta ce yayyenta ne, masu tsaron maruƙa.

"To, wa kuka bar wa maruƙan?"

Ta nuna bayan makaranta. Na duba. Can cikin wata saura da aka daina nomawa, Ardo Kawu ne da farin gemunsa, shi kaɗai, ya tattare riga yana bin wani ɗan maraƙi da ya nufi gonar mutane.