Gemun Fasto

Mai aski yana naɗe askarsa a tsumma ke nan, ɗansa ya sake leƙowa ta ƙofar shago.

"Baba, yau mai shago ke jiran mabuɗinsa. Hannun nan ya gaji, ka bar shi ya huta."

"Na ji. Bari in dubo Fasto a asibiti tukuna."

Tun bara hannunsa na dama ya fara rawa. Ranar da ya yanki kunnen wani direba, mutane suka soma janye jiki, sai tsofaffin da suka saba da shi.

Ya tarar da tsohon Fasto kwance ana ƙara masa ruwa, matarsa na zaune a gefe. Gobe za a shiga da shi tiyata. Gemu ya rufe masa fuska, fari fat.

"Sarkin aska! Ka ga yadda suka mai da ni bunsuru?"

Mai aski bai yi dariya ba. Ya zauna a bakin gado, ya danne hannun tsakanin gwiwoyinsa.

"Fasto, yau zan rufe shago. Abin da ke cina, tun ina saurayi nake aske kawunan mutane, babu kai ɗaya da ya zauna a aske. Magini zai nuna gida, tela ya nuna riga. Ni me zan nuna? Gashin da na share na zubar?"

"To ni da nake aske zunubi kowace Lahadi fa? Kafin Laraba ya tsiro, har da saje." Tari ya sarƙe shi, matar ta ba shi ruwa. "Sarkin nan mai hikima na cikin Littafi, shi ma ya dubi gine-ginensa ya ga duk iska ne. Abin da ya rage masa, mutum ya ci abincinsa, ya ji daɗin aikin da ke hannunsa, ya san Allah ne ya ba shi. Kai dai tashi ka aske ni. Ko likita zan gani, ko Wanda ya fi likita, ba da wannan fuskar ba."

"Zan yanke ka."

"Gobe ma ai yankan za a yi."

Matar ta samo ruwan ɗumi a kofi. Mai aski ya kwance askarsa daga tsumma, ya kaɗa sabulu har ya yi kumfa, ya shafa. Askar na kaɗawa a hannunsa kamar ganye. Sai ya kafa ɗan ƙaramin yatsansa a kan kuncin Fasto, ya jingina hannun a kan yatsan, rawar ta ragu. A hankali askar ta kama hanya, ƙar, ƙar. Ya ɗan taɓa shi a ƙarƙashin haɓa, jini ya fito kamar kan allura, ya danne da babban yatsa.

Kafin ya gama ɓangaren hagu sai ya ji wuyan Fasto ya saki, kan ya yi nauyi a tafinsa. Nauyin nan ya san shi, ya daɗe bai ji shi ba.

"Tun da aka kwantar da mu bai yi barci irin wannan ba," in ji matar, murya ƙasa-ƙasa.

Yana goge askar wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, ga mai shago ya iso."

Ya dubi fuskar Fasto, sumul, tana sheƙi.

"Ba shi haƙuri, ka ce ya bar mini mabuɗin. Akwai gemun da nake jira ya tsiro."