Kifi da Almakashi

Akwai doka a laburaren unguwar, an rubuta ta ɓaro-ɓaro a bakin ƙofa: ba a yin rubutu a cikin littafi. Gwaggo Tela ta shekara goma sha ɗaya tana wuce wannan doka da sallamarta, tana kuma karya ta duk ranar Asabar, hankalinta kwance.

Ba ita kaɗai ba ce. Duk tsofaffin masu aron littattafan labari haka suke yi, saboda kai ya fara yoyo. Sai mutum ya ari littafi, ya kai gida, ya ci rabi, sannan ya tuna ai ya san wanda ya sace akwatin. Don haka kowa ya ƙirƙiro alamarsa, yana yin ta da fensir a ƙasan shafi na ashirin da ɗaya idan ya gama. Wani ɗigo uku, wani zobe, wani ɗan tsani. Ba a taɓa zama a kan maganar ba, kuma ba wanda ya san alamar wani. Ta Gwaggo ɗan almakashi ne a buɗe, tunda da shi ta ci abinci shekara arba'in kafin ta bar wa 'yarta shagon ɗinkin.

A cikin alamomin nan akwai wani ɗan kifi mai ƙaton ido da karkatacciyar wutsiya. Gwaggo ta daɗe da gano cewa duk littafin da kifin nan ya shiga ba na yarwa ba ne. Mai zobe ba shi da zaɓi, ko takardar magani aka miƙa masa zai karanta ya yi zobensa. Mai tsani kuwa in ba a harbi wani a labari ba, bai san an yi labari ba. Amma mai kifi ya san daɗin magana, kuma idan littafi ya kai masa har wuya, sai ya ƙara wa kifin 'yan kumfa biyu a baki. Kowane wata laburaren yana liƙa jerin littattafan da yake ba mutane shawarar su karanta, amma Gwaggo ko kallon allon ba ta yi. Kanta-kanta take bi tana buɗe shafi na ashirin da ɗaya. Ba ta san ko mai kifin namiji ne ko mace ba. 'Yarta ma har tsokanarta take yi, wai Gwaggo ta yi saurayi a cikin ruwa.

Sai kifi ya ɗauke ƙafa. Wata huɗu ana kawo sababbin littattafai, zobe ya shiga, tsani ya shiga, kifi shiru. Gwaggo ta ari uku da ka, ta dawo da su da haushi. Amma ba haushin ne ya fi damunta ba. Tsoro take ji, don ta san shekarun masu yin alama, ta kuma san abin da yakan sa ɗayansu ya daina. Tana kewar mutumin da ba ta taɓa gani ba, kuma ta rasa wanda za ta gaya wa ba tare da an yi mata dariya ba.

Ana cikin haka, wata Asabar ta shigo ta tarar da sabuwar ma'aikaciya, yarinya mai tabarau wadda kowa ke kira Malama, zaune da tarin littattafai da kilina a hannu, tana goge shafi na ashirin da ɗaya ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar kirki ce, mai son aikinta. Ita ta farfaɗo da karatun yara na safiyar Asabar, ita ta kawo ajin koyon waya na tsofaffi. Yanzu kuma tsabtar littattafai ta sa a gaba. Gwaggo na isa teburin, Malama na buɗe wani littafi mai kifi, har da kumfarsa biyu.

Gwaggo ba ta san lokacin da ta dafe shafin da tafin hannu ba.

"'Yata, ki yi wa Allah ki bar wannan. In gogewa za ki yi, ga almakashi can a gefe, nawa ne. Ni na yi."

Malama ta sauke tabarau ta dube ta. Ta ce wata biyu tana neman masu wannan aika-aika, tana zaton 'yan makaranta ne, ashe iyayenta ne. Gwaggo ta ja kujera ta zauna, tunda asiri ya riga ya tonu, ta kwashe labarin duka ta gaya mata, har da kumfar. Sannan ta yi roƙon da ta zo da shi a ciki wata huɗu: a duba mata wane ne mai kifi, kuma yana raye?

Malama ta ajiye kilinar. Ta ce sunan mai aro amana ce, ko mahaifiyarta ba za ta gaya wa wanda ya ari littafi kaza ba. Gwaggo ta ce ai ba aurensa za ta yi ba. Malama ta yi dariya har ta riƙe ciki, amma ba ta sauya magana ba. Gwaggo ta koma gida ba ta ari komai ba, tana mita a hanya cewa yaran yanzu an cusa musu doka a ka, an manta ba a bar wa tausayi wuri ba.

Asabar ta zagayo, Malama ta tare ta tun daga ƙofa. Ta ce laburaren yana da tsarin kai littattafai gida ga waɗanda ba sa iya fitowa, duk ranar Laraba, kuma suna ƙarancin masu ɗaukar jaka. Akwai wani gida a bayan tashar mota da ke dawo da jakarsa yadda aka kai ta, ba a ko buɗe littattafan. Ta ce ita da kanta ta riga ta je ta yi magana da mai gidan.

"Ban faɗa miki sunan kowa ba, Gwaggo. Saƙo kawai aka ba ni. An ce in mai almakashi tana nan, a turo ta."

Ranar Laraba Gwaggo ta sa mayafinta na fita kunya, ta rataya jaka, ta hau bene hawa biyu tana tsayawa tana numfashi. Wata tsohuwa ce ta buɗe, 'yar ƙarama, riƙe da sandar ƙarfe, ta girmi Gwaggo da kusan shekara goma. Ɗaki ɗaya ne da falo, tukunyar fure a taga, rediyo a kan tebur, fensir a cikin kofi. Da can ita ke raba wasiƙu a gidan waya. Gwiwa ce ta hana ta saukowa, ido kuma ya daina ɗaukar ƙananan baƙaƙe.

Ba su gama gaisawa ba tsohuwar ta fara faɗa. Ta ce shekara nawa tana bin almakashin nan kanta-kanta, duk inda ta gan shi sai ta ɗauka, amma akwai wani mai jan bango, labarin likitan nan, wanda almakashi ya yaudare ta, har yau ba ta yafe ba.

Gwaggo ta tsaya da jaka a kafaɗa, baki buɗe.

"Yaya, ni fa ke nake bi."

"To ashe da'ira muka yi ta yi," in ji tsohuwar. "Zauna, ƙanwata, kin sha bene."

Daɗi ya kama Gwaggo har idonta ya kawo ruwa, ta fake da neman tabarau a jaka. Ta fito da littafi na farko, sabo fil, ba alamar kowa. Ta ce tunda ido ya ƙi, ai ita bakinta bai ƙi ba. Ta gyara zama ta fara karantawa da ƙarfi, tsohuwar na katse ta duk bayan shafi biyu tana cewa wannan mutumin maƙaryaci ne, a jira a gani.

Laraba uku suka yi kafin su kai ƙarshe. A bangon baya suka tarar Malama ta liƙa wani farin kati, ta rubuta a samansa: masu alama, a nan za ku yi. Suka karanta, suka yaba wa hankalin yarinyar ƙwarai. Sannan Gwaggo ta buɗe shafi na ashirin da ɗaya, ta ɗora yatsan tsohuwar a daidai wurin, ta miƙa mata fensir. Kifin ya fito a karkace fiye da kullum, da kumfarsa biyu, Gwaggo ta yi almakashinta dab da shi.