Jan Layi a Siton Madam Bibiana

Ƙauna Yunana tana karatun digiri na biyu a Samaru. Bincikenta a kan ajiyar kayan aiki ne a masana'antu: yaushe ya kamata a yi oda, kuma nawa za a ajiye, kada kaya su yi yawa su lalace, kada kuma su yanke inji ya tsaya. Da ta rasa inda za ta gwada lissafinta, wata 'yar cocinsu ta haɗa ta da Madam Bibiana, mai ɗan kamfanin sabulu a Sabon Gari.

Madam 'yar kudu ce, amma a Zariya aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Sitonta kuwa cunkushe yake da duro-duron man alayyadi, babu wajen sa ƙafa, na can ƙurya sun daɗe har man ya soma wari. Ƙauna ta shafe rani guda tana auna yawan man da aikin sabulun ke ci kullum da tsawon lokacin da mota ke yi daga kudu. Daga nan ta sayo jan fenti ta ja layi a ƙasan siton.

"Mama, kada ki sake oda sai duro sun ja baya zuwa nan."

Madam ta daɗe tana kallon layin. "'Yata, in injina ya tsaya fa?"

"Ba zai tsaya ba. Na bar rara."

Abu ya yi kyau har damina ta kankama. Man ya daina lalacewa, sito ya sami fili. Sai wata safiya Madam ta bugo waya: ruwa ya cinye gada a hanyar kudu, motar mansu tana can tsallake, direban ma ba a samunsa a waya.

Matan da ke yankan sabulu suka faɗo wa Ƙauna a rai, musamman Tabitha, wadda da aikin nan take riƙe da 'ya'yanta. Ta garzaya ofishin Dakta Ayodele, mai duba bincikenta.

"A wane lokaci kika tattara bayananki?" ya tambaya.

"Da rani, Dakta."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ni ma ban lura ba. Ki je wurin Madam, kada ki ɓuya."

Kullum ta hau keke daga Samaru, ta tarar da rarar ta ƙara raguwa. Madam ba ta faɗa mata baƙar magana ba, gaisuwa kawai, kuma shirun ya fi zagi ciwo. Ranar da aka fasa duro na kusa da ƙarshe, Ƙauna ta kasa shiga, ta tsaya a bakin ƙofa tana shirya kalmomin ban haƙuri.

Tana nan tsaye ta ji hon. Wata babbar mota ce, taɓo har gilashi, tana kutsowa titin tana korar masu baro. Direban ya diro yana mita da Turancin buroka: ya zagayo ta wata doguwar hanya, wayarsa kuma ta faɗa ruwa.

Tabitha ta rangaɗa guɗa. Ƙauna ta zauna a kan wani duro, dariya da hawaye suka zo mata tare.

Madam ta dafa kafaɗarta. "Rararki ta kai mu, da ƙyar dai. Amma damina sai ki ƙara mana."

"Zan ƙara, Mama."

Ta share fuska da gefen ɗankwali, ta bi direban zuwa inda yake wanke hannu.

"Oga, sannu da hanya. Don Allah ka ba ni labarin hanyar nan tun daga farko, har inda kuka fi daɗewa."