Haɓar da Atishawa ta Karkatar

Ni mai gyaran takalma ne. Ranar da 'yata ta fari ta ce jarrabawarta ta ƙarshe sai an yanka kan mutum sala-sala har ɗari uku, sai da na ajiye guduma.

"Baba, hoto ne kawai. Na'ura ce ke ɗauka, sala bayan sala, ni kuma in jera su a kwamfuta su tashi kai guda mai juyawa."

"Kan wa?"

"Naka mana. Kai ne kullum ake samu a gida."

A asibiti aka tura ni cikin na'urar, wani bututu mai sanyi, aka ce kar in motsa. Na daure iya daurewa. Ana tsakiyar ɗauka atishawa ta ci ƙarfina. Ban faɗa wa kowa ba.

Sati biyu tana harhaɗawa. Da ta juyo mana kwamfutar, daga hanci zuwa sama ni ne sak, amma haɓata ta gudu hagu kamar ta ga abin tsoro. Uwarta ta yi dariya har da riƙe ciki. Yarinyar ko murmushi.

"Jibi ne jarrabawar, kuma sun ce in zo da mai kan su gwada. In bai yi daidai ba sai baɗi. Layin na'urar kuma wata biyu ne."

Kwana biyu na yi a gaban madubin shago ina koya wa haɓata tafiya hagu.

Malamai uku ne a ɗakin jarrabawar. Na shiga da bakina a karkace. 'Yata ta zaro ido.

"Baba, me kake yi?" ta raɗa mini.

"Yi shiru, aiki nake."

Babbar malamar ta dubi kwamfuta, ta dube ni, ta sa rula ta auna mu duka.

"Baba, tun yaushe haɓarka take haka?"

"Gado ne, ranki ya daɗe," na ce ta gefen baki.

"Ikon Allah! Har karkacewar ta kamo. Yarinya, kin ci." Sai ta juyo kaina. "Irin wannan haɓa ba mu taɓa gani ba. Duk Talata ka riƙa zuwa ɗalibai su gani."

Yau Talata ta goma sha bakwai ke nan. Takardar 'yata ba za ta fito ba sai ƙarshen shekara, don haka ban taɓa fashi ba. Jiya muna cin abinci uwarta ta ce, "Maigida, saki bakin mana, a gida kake."

Ni kuwa na riga na saki.