Keken Ɗinkin Jibrilla

Shekara ashirin na yi ina buga wa mutane takardu da tafireta a bakin Kasuwar Gombe, kuma ɗaliban jami'a sun fi kowa ba ni haushi. Rubutu kamar tafiyar tsutsa, ga iyayi. Zulaihatu 'yar maƙwabcina a unguwar Madaki ce kaɗai na cire daga cikinsu.

A farkon 1983 ta kawo mini kundin bincikenta na karatun lauya, a kan ƙungiyar ECOWAS. Ina bugawa ina karantawa, don ni ba na buga abin da ban gane ba. Maganarta ɗaya ce: ƙasashe sun sa hannu a kan dokoki masu kyau, amma ba kotun da talaka zai kai ƙara idan an taka su.

A satin ne gwamnati ta ce baƙi marasa takarda su bar ƙasar. Jibrilla tela, mutumin Damagaram, rumfarsa na jikin tawa shekara tara. Wani jami'in shige-da-fice ya ce masa ya tafi, keken ɗinkinsa kuwa an riƙe. Da keken nan yake ci da mutum shida.

"Dokarki za ta hana a kore shi?" na tambaye ta.

"Ba za ta hana ba, Bappa Yuguda. Kwana casa'in kawai ta ba baƙo ya zauna ba takarda, shi kuwa ya daɗe da wuce su. Amma ta ce wanda aka kora, a kare masa dukiyarsa. Sa takarda a tafireta, har kofi uku."

Ta yi ta faɗa ina bugawa. Da safe muka iske jami'in a tasha, keken na gefen ƙafarsa, Jibrilla ya yi tsuru-tsuru. Ta gaishe shi da ladabi, ta karanta masa sashen dokar.

Ya yi dariya. "To, Malama lauya, wace kotu za ki kai ni?"

"Babu ita, Yallaɓai. Shi ya sa ban zo da ƙara ba. Sa hannu kawai za ka yi cewa kai ka riƙe keken, da sunanka da lambarka. Kofi ɗaya naka, ɗaya na gwamnatin Nijar, ɗaya na ofishin ƙungiyar a Legas."

Ta miƙa masa biro. Wallahi ban taɓa jin alfahari da 'yar wani haka ba.

Ya daɗe yana kallon biron nan. Can ya ce shi fa gadin keken yake yi don kada a sace.

Aka ɗora keken a bayan mota, aka ɗaure da igiya. Jibrilla ya riƙe hannuna, sannan shi ma ya hau. Tafiyar tasa kam duk kundin nata babu layin da ya hana.