Minti Uku da Gaisuwar Alhaji Sammani

Karo na uku ke nan Na'Allah yana riƙe da waya a kunne, idonsa a kan kwamfuta, yana kallon minti ukun da aka ba shi suna tsiyayewa, surukinsa kuwa yana tambayarsa lafiyar awaki.

"Lahiya lau suke, Baba," in ji shi. Ba shi da akuya ko ta rantsuwa, amma ba a gyara wa suruki zance.

Na'Allah yana da ɗan shago a bakin kasuwar Sabon Birni, inda yake buga wa mutane takardu, yana kuma kula da shafukan intanet guda biyar. Babba a cikinsu shi ne na ƙungiyar manoman Gangara, wadda shugabanta Alhaji Sammani ne, mahaifin matarsa Hadiyya. Kowane shafi yana da satifiket ɗin tsaro, wanda shi ke sa hoton ɗan kwaɗon kulle ƙofa ya fito a saman shafin, alamar wurin amintacce ne. Wata uku yake yi ya mutu, sai an sabunta shi. Na manoman Gangara ya mutu da asubar ranar, don haka duk wanda ya buɗe shafin, jan gargaɗi ne ke tare shi da Turanci, wai ya yi hattara, ƙila ɓarayi ne.

Kuma bai tashi mutuwa ba sai ranar da ake da baƙi. Da ƙarfe biyu Bara'atu, sakatariyar ƙungiyar, za ta nuna shafin a garin Isa gaban wasu mutane da suka zo daga Sakkwato don zaɓen ƙungiyoyin da za a ba injinan ban ruwa. Tun da hantsi ta kira Na'Allah ta faɗa masa a fili cewa in baƙin nan suka ga jan abu, injinan sun tafi, ita kuma ba za ta ɓoye sunan mai aikin ba.

Sabuntawar ba wani aiki ba ne. Shigar ce matsala, domin kamfanin da ke ajiye shafin yana turo lamba shida ta waya, kuma in ta yi minti uku ba a saka ta ba, ta mutu. Ranar da Na'Allah ya buɗe shafin, da aka zo wurin lambar waya, sai ya ga bai dace ya sa tasa ba alhali ga shugaba, ga kuma suruki. Ya sa ta Alhaji. A lokacin har yaba wa kansa ya yi da ladabi.

Wayar Alhaji 'yar ƙarama ce mai tocila. In saƙon tes ya shigo, sai ya kashe kira, ya nemo tabarau, ya karanta, sannan ya sake kira. Sabon kira kuwa a wurin Alhaji Sammani sabuwar haɗuwa ce. Sai ya fara daga sallama, ya bi ta gajiya, da aiki, da iyali, da zafi, da mutanen kasuwa, ya dawo kan gajiya ko ta ƙaru tun ɗazu. A karo na biyu Na'Allah ya yi ta maza ya ce, "Baba, lambar...", tsohon ya ce za su zo kanta, yaya haƙuri da sauro?

Yanzu ma sai da agogon ya kai sifiri sannan Alhaji ya gyara murya ya fara karanto lambar a tsanake. Na'Allah ya saurare ta har ƙarshe, ya yi godiya, ya ajiye wayar. Kwamfuta ta sanar da shi cewa saura gwaji ɗaya, in ya sake kuskurewa za a rufe ƙofa sai gobe war haka.

Ya kira Hadiyya ko za ta yi wa mahaifinta magana. Ta yi dariya har tana tari, ta ce ita da aka haifa a gidan ba ta taɓa ganin wanda ya tsallake gaisuwar Baba ba, har mai sayar da magani a mota. Sai ya rufe shago, ya goya kwamfutar a jaka, ya hau babur ya kama hanyar Gangara. Dabararsa mai sauƙi ce: zai je a yi gaisuwar ta ƙare ƙaf, sannan ya nemi lambar.

Ya tarar da Alhaji a zaure kan buzu. Tun daga nesa ya tuɓe takalma, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya dasa idonsa a ƙasa kamar yadda ya saba yi shekara huɗu. Gaisuwar ido da ido ta ninka ta waya. Aka kawo fura, ya ce ya ƙoshi, aka ce ya sha, ya juya baya ya kurɓa. Sai da ya ji tambayoyin sun ƙafe, tsohon ya koma jan carbi, sannan ya leƙa hanya dama da hagu. Babu kowa sai kaji. Ya buɗe kwamfutar, ya jona ta da wayarsa, ya yi bisimilla ya danna neman lambar.

Wayar Alhaji ta yi ƙara can ƙarƙashin babbar riga. Ya laluba aljihun 'yar ciki, ya fito da ita a naɗe cikin leda, ya warware, ya ɗora tabarau. Minti ɗaya ya tafi a nan, amma Na'Allah bai damu ba, ya sa wannan a lissafi.

"Bakwai," in ji Alhaji. "Sannan..."

Aka yi sallama. Liman Abdulrazak ne, wanda ya yi sati biyu a Sakkwato wurin jinyar ƙanensa, jiya ya dawo, kuma ba su haɗu da Alhaji ba tukuna. Na'Allah ya saci kallon agogon kwamfutar. Gaisuwar sati biyu ce, ga jinya a ciki, ga hanya.

Alhaji ya miƙe da wayar a hannu. Na'Allah, daga durƙushe, ya shiga bin hannun da ido kamar kyanwa da mai yankan nama. Hannun ya yi sama, ya hango biyu. Ya yi gefe, ya tsinci tara da wani abu mai kama da uku ko takwas. Amma duk amsa ɗaya sai Alhaji ya dafa ƙirji, wayar ta kife a kan riga. Na'Allah ya yi tari. Liman ya dube shi ya ce Allah ya sawwaƙe, ya koma kan labarin asibiti. Saura daƙiƙa talatin.

Ya tuna injinan, ya tuna bakin Bara'atu, ya tuna mutanen Gangara da ke jan guga a fadama tun kakanninsu. Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya cafki wuyan hannun surukinsa da hannu biyu, ya juyo da shi, ya karanta lambar da ƙarfi kamar mai kiran layi a makaranta, ya saki, ya faɗa kan kwamfutar ya shigar da ita.

Ƙofa ta buɗe. Ya danna sabuntawa, ya jira, ya sake buɗe shafin. Ja ya ɓace, ga ɗan kwaɗon nan ya dawo mazauninsa. A ƙasa ya ga wani sabon akwati da kamfanin ya ƙara, wanda in an danna shi satifiket zai riƙa sabunta kansa ba sai an nemi kowa ba. Ya danna shi har da cije leɓe. Ya tura wa Bara'atu tes cewa ta buɗe, komai ya daidaita.

Sai a lokacin ya ɗago kai. Liman ya tsaya da baki buɗe a tsakiyar kalma. Kunya ta rufe Na'Allah har ya ji da ma ƙasa ta tsage. Ya koma ya durƙusa, yana tunanin da wane baki zai gaya wa Hadiyya cewa ya murɗe hannun mahaifinta a gaban liman.

Alhaji Sammani ya daɗe yana duban wuyan hannunsa. Ya murza shi, ya juya ga liman.

"Liman, ka gani? Shekara huɗu yaron ga na aure da ɗiyata, ban san kalar idonai ba sai yau. Kullum ƙeya nika gaisawa da ita. Ashe har ƙarhi gare shi."

Liman ya fashe da dariya, Alhaji ya taya shi har tabarau na zamewa. Ya zauna, ya jawo ƙwaryar furar ya tura gaban Na'Allah, ya ce ya sha yana kallonsa, ba a bango ba. Ya sa aka nuna masa kwaɗon, ya duba da kyau, ya ce ƙarami ne amma da gani zai yi ƙwari. Daɗin da ke fuskarsa ba ya ɓoyuwa, kuma Na'Allah ya gane ba na injinan ba ne.

"To, yaushe abin ga zai ƙara mutuwa, ka dawo mu tashe shi?"

Na'Allah ya saci kallon akwatin da ya danna. Gaskiyar magana, ba zai ƙara mutuwa ba, kuma ba sauran dalilin da zai sa a dami wayar Alhaji. Ya dubi tsohon, wanda ya riga ya fara lissafi da yatsu, ya rufe kwamfutar a hankali.

"Bayan wata ukku, Baba. Za ni zo in Allah ya so."

"Madalla," in ji Alhaji Sammani, yana mayar da wayar cikin leda. "Amma ka taho da wuri. Yau duk sauri kaz zo da shi, ko gaisawa ba mu samu mun yi ba."