Saniyar Hamma a Gindin Taransifoma

Duk Gafasa babu wanda wutar lantarki ta kama ta saki sai Da'u. Shekara talatin da wani abu ke nan, yana lebura wajen masu jan waya daga Gaya, ta ɗaga shi daga kan turke ta maka shi da ƙasa, ya tashi ya karkaɗe rigarsa. Tun daga ranar yake cewa wuta ta san shi, shi ma ya san ta, kuma sanin da ya yi mata babu shi a takarda. Saboda wannan suna ne da ƙungiyar manoma ta kafa injin casar shinkafa da taransifomarsa, ba a yi gardama ba aka ba shi gadi. Ba shi da gona babba, ba shi da boko. Sunan nan shi ne abin da ya mallaka.

Injiniyar da ta haɗa aikin, Juwairiyya, ta sa aka haƙa rami a gindin taransifoma, aka kafa ƙarfe aka cika da gawayi da gishiri. Sannan ta nuna wa jama'a wata 'yar na'ura cikin akwatin wuta, rile take ce mata. Ta ce fis ba ya ƙonewa sai wuta ta yi yawa, amma idan waya ta goge, wuta ta riƙa zurarewa cikin ƙasa kaɗan-kaɗan, fis ba zai ji ba. Rile ce kaɗai ke ji, ta kashe komai nan take. Da'u ya gyaɗa kai kamar shi ya koya mata.

Da damina ta zauna, rile ta fara kashe inji, a wuni sau huɗu sau biyar. Mata na zaune kan buhuna, masu baburan haya na tsaki, ana ta tambaya ina wanda wuta ta sani. Da'u ya buɗe akwati, ya duba, ya yanke cewa na'urar ce matsoraciya. Ya zare 'yar wayar da ke haɗa ta da makunni, ya rufe. Inji ya yi kwana tara bai tsaya ba, aka yi ta sa masa albarka. Bai faɗa wa kowa abin da ya yi ba.

Hamma, Bafulatanin da suka tashi tare, ta nan yake bi da shanunsa kullum da hantsi. Shanu sun gano gishirin ramin, sukan ratse su lashi ƙasar. Ran Talata, bayan ruwan asuba, babbar farar saniyarsa ta sa baki, ta ƙame, ta faɗi tana shure-shure.

Hamma ya zaro wuƙa ya nufe ta, don ya yanka kafin ta zama mushe. Da'u ya sha gabansa, ya ce kada ya taka wurin, ƙasar akwai wuta. Hamma ya ture shi, ya ce a gabansa yarinyar nan ta ce in wuta ta shiga ƙasa komai mutuwa yake, ga inji kuwa yana ta aiki. Wannan maciji ne ko ciwo, a bar shi ya fid da namansa.

Mutane sun taru a bakin rumfar inji. Da'u ya dube su, ya dubi taku biyar ɗin da suka rage tsakanin Hamma da jiƙaƙƙiyar ƙasar. Ya riƙe masa hannu.

“Hamma, na'urar ba ta aiki. Ni na cire mata waya, yau kwana tara.”

“Kai, Da'u?”

“Ni. Tsaya nan don Allah, in je in kashe.”

Kafin ya zagaya ya buɗe akwati ya ja makunni, saniya ta daina motsi. Inji ya tsaya. Hamma ya mayar da wuƙarsa kube, ya yi salati a hankali, ya kora sauran shanun baya.

Da azahar Juwairiyya ta zo daga Gaya. Ta tono kebul, ta samu inda ya goge a jikin dutse. Ta ce rile tun farkon damina gaskiya take faɗa. Ba ta ɗaga wa Da'u murya ba, Baba ma ta kira shi, ta tambaye shi ko ya ajiye wayar. Ya ciro ta daga aljihu ya miƙa mata. Shugaban ƙungiya ya karɓi makullan akwati a hannunsa a gaban kowa.

Da'u ya ari diga ya tafi bayan gari inda aka ja saniyar, ya kama haƙa ramin binne ta shi kaɗai. Ramin ya kai masa gwiwa sai ga Hamma da shebur a kafaɗa. Hamma ya dubi ramin, sannan ya ce wa Da'u ya matsa gefe, tsoho ɗaya ba zai gama wannan kafin la'asar ba.